Mai Kati da Mutanen Kan Benci

Ɗakin kati na babban asibitin yana ƙarƙashin matakalar bene ne, ta hannun hagu in ka shigo ƙofar marasa lafiya. Dogo ne marar faɗi, kantocin ƙarfe sun cika shi har rufi, kowace kanta maƙare da fayiloli masu warin tsohuwar takarda. Taga ɗaya gare shi, da ɗan rami a ƙasanta inda ake turo kati a karɓi fayil. A bayan tagar nan wani mutum ya yi shekara ashirin da uku yana aiki. Ma'aikata da majinyata duk Mai Kati suke ce masa, har yayarsa ma in tana jin tsokana.

Siriri ne, ya ɗan ranƙwafa saboda yawan sunkuyo wa taga, ga tabarau da ya ɗaure wa ƙafa ɗaya da zare. Aikinsa ba a kushe shi. Ka miƙa masa kati, kafin ka gama gyara tsayuwa ya zaro fayil ɗinka. Magana ce dai ba ya yi. Baƙi sukan ɗauka girman kai ne, wasu kuma su yi zaton kurma ne su riƙa ɗaga masa murya. Gaskiyar ita ce i'ina gare shi, mai tsanani. Kalma takan zo bakinsa ta tsaya cak, haɓarsa ta kama rawa, idanunsa su runtse, mai saurare ya rasa inda zai sa nasa idon. Duk kalmar da ta fara da "m" ko "b" ta fi ba shi wahala, don leɓɓansa sukan haɗe su ƙi rabuwa.

Abin da ba a sani ba shi ne cikinsa cike yake da labari. Mahaifiyarsa wanki da guga take yi wa mutane, kuma ba ta iya guga bakinta a rufe. Yana yaro shi ke riƙe mata bakin zanen gado in za a ninke, ita kuwa tana ta zuba labari, na gaske da na ƙarya, har ta manta dutsen guga a kan wuta. Duk ya haddace su. A aji uku malaminsu ya ce kowa ya tashi ya ba da labari ɗaya. Da aka zo kansa ya miƙe da murna, don ya san nasa ya fi na kowa daɗi. Kalmar farko ta maƙale. Ya tsaya yana kokawa da ita har yara suka fara ƙirga masa da yatsu, malamin ya ce ya zauna, Allah ya ba da lada. Bai sake ɗaga hannu a aji ba har ya gama makaranta.

Bayan rasuwar mahaifiyar, daga shi sai Yaya, wadda ke da shagon kayan masarufi a bakin kasuwa. Tun suna yara take ƙarasa masa magana, kuma har yau ba ta cika dacewa ba. Duk ranar Lahadi yakan je shagon ya zauna a kan buhun sukari.

"Yaya, ina s-s-son..."

"Kana son ka sake aure. Ai na daɗe ina faɗa."

"S-sabulu."

"To ɗauka mana. Amma auren ma ka yi tunani."

Ya taɓa yin auren. Shekara shida suka yi da matar, ba faɗa ba zagi. Mace ce mai son hira, ta yi iya ƙoƙarinta. Ranar da za ta tafi ta zauna a bakin gado da jakarta a kan cinya ta ce, "Wallahi ba ka yi mini laifin komai ba. Ni ce dai in na yini ban ji muryar mutum ba sai kaina ya kama ciwo." Ya so ya ce mata ta ƙara haƙuri, amma kafin maganar ta fito mai mota ya yi hon a waje. Shi ya sauko mata da akwati. Tun daga nan yake zaune shi kaɗai a ɗaki ɗaya a hawa na biyu na wani gidan haya, tagarsa tana kallon filin masu walda.

Daura da tagar ɗakin kati akwai dogayen benci uku inda ake jiran likita. Jira kan sa mutane hira, ko da ba su taɓa ganin juna ba. Daga inda yake yana jin komai: yadda wani ya ɓace a garin da bai sani ba, yadda wata ta gane mijinta a cikin fim yana wucewa a bayan jarumi, gardama kan wasan rediyon da aka sa jiya. Matsalar ɗaya ce. Da labari ya ɗauko daɗi sai nas ta leƙo ta kira suna, mai labarin ya tashi ya shige. Shekara da shekaru Mai Kati yana tara farkon labarai, a motar komawa gida ya riƙa ƙarasa su a zuci.

Shekara huɗu da suka wuce asibitin ya kawo kwamfutoci, aka tura ma'aikatan kati horo na mako biyu. Abokan aikinsa suka yi ta dariyar yadda yake farautar haruffa da yatsa ɗaya. Kafin wata uku ya fi su duka sauri. A nan ya gano wani abu: yatsunsa ba sa i'ina. Abin da ya yi niyyar faɗa, shi ke fitowa, a jere, a lokacin da ya so.

Labarin farko da ya rubuta na wani dattijo ne da ya ji a benci, wanda ya sayi akuya ta gudu ta koma gidan mai ita har sau uku. An kira dattijon kafin ya kai ƙarshe, sai Mai Kati ya sa nasa ƙarshen. Da ya gama ya rasa wanda zai nuna wa. Ya yi ta bincike a waya har ya samu wani shafi da ke barin kowa ya buɗe dandalin tattaunawa kyauta. Ya buɗe, ya sa masa suna Kan Benci, ya raba shi gida uku: labaran da aka ji, labaran da aka ƙirƙira, da hirar fina-finai da wasannin rediyo. Da aka nemi sunan mai dandali ya rubuta Mai Benci. Bai lura cewa ya zaɓi haruffa biyun da suka fi ƙarfin bakinsa ba, don bai taɓa kawowa a ransa wata rana za a ce ya faɗi sunan ba.

Mamba na biyu Yaya ce. Shi ya karɓi wayarta ya yi mata rajista, ita kuwa ba ta taɓa leƙawa ba. Kullum da hutun rana, in sauran sun tafi cin abinci, sai ya ja labulen taga, ya ajiye burodinsa da shayi a gefe, ya sa sabon labari. Yana da doka guda da ya ɗora wa kansa, ba ya rubuta ciwon kowa ko wani abin da zai sa a gane majinyaci. In ya gama sai ya duba ƙasan labarin jiya, inda ake nuna yawan waɗanda suka karanta. Yakan ga biyu, ko uku, kuma ya san duk shi ne.

Ya yi dabaru. Ya rubuta adireshin dandalin a ƙananan takardu ya ajiye a kan benci da sassafe. Wasu suka naɗe ƙwayar magani a ciki, wasu suka yi fifita da su, saura mai shara ta kwashe. Shugabar sashe, wadda suke kira Madam, ta tsinci ɗaya ta kawo masa har taga.

"Mai Kati, rubutunka ne wannan. Nan asibiti ne, ba allon talla ba. Kada in sake gani."

Ya koma sa adireshin a ƙarƙashin shafukan da ake hirar fina-finai. Masu shafukan suka riƙa gogewa, ɗaya ma ya kore shi gaba ɗaya. Haka ya yi kwana arba'in da bakwai yana rubutu ba wanda ya ce masa ko sannu.

A rana ta arba'in da takwas, yana tsaye da fayil a hannu, wayarsa ta yi motsi a aljihu. Wani mai suna Direban Tanka ya yi rajista, kuma ya yi rubutu a ƙarƙashin labarin akuya: "Na ji daɗin labarin nan amma ƙarshensa bai yi mini ba. Mai akuyar ne ɓarawon, shi ya koya mata hanya. Na san irinsu." Mai Kati ya karanta sau huɗu. Sai da matar da ke bakin taga ta ƙwanƙwasa ƙarfe da zobenta sannan ya tuna da fayil ɗin da ke hannunsa.

Da hutun rana ya rubuta amsa mai tsawo, ya goge rabi don kada ya tsorata baƙon. Direban ya sake amsawa. Ashe mutum ne da ke kwana biyu ko uku a layin lodin mai, ba abin yi sai kallon bayan motar gabansa. Ya fara kawo nasa labaran na hanya, rubutunsa ba aya ba waƙafi, amma akwai gishiri. Ya jawo direbobi biyar. Ɗaya daga cikinsu ya nuna wa matarsa, ita kuma ta nuna wa maƙwabciyarta, wata mai kiran kanta Uwar Biyu. Wannan ce ta fara dogon labari kashi-kashi, na wata tela da ta gaji shagon da mutum uku ke cewa nasu ne, tana sa kashi ɗaya duk Talata da Juma'a. Labarin nan shi ya buɗe ƙofa. Cikin wata biyu mambobi suka haura ɗari huɗu, ranar da ta makara kuwa sai dandali ya cika da masu tambayar ko lafiya.

Aiki ya ƙaru wa Mai Kati. Da asuba kafin ya fita, a mota, da hutun rana, yana share tallan masu maganin ƙiba da na masu neman a tura musu lambar banki, yana yi wa kowane sabon mamba maraba da sunansa. In gardama ta yi zafi, musamman kan wane jarumi ya fi wane iya kuka, shi ke shiga tsakani. Ya iya rarrashi a rubuce. Yakan ba kowa gaskiyarsa, ya ƙara da ɗan abin dariya, sai ka ga waɗanda suka kusa zagin iyaye suna neman gafarar juna. Mutane suka fara hasashen ko wane ne shi. Wasu suka ce tsohon ma'aikacin rediyo ne, wasu suka ce malamin jami'a. Uwar Biyu ta rubuta cewa ita ko ba ta ji ba ta san muryarsa mai kauri ce. Ya karanta wannan a mota, ya kifa wayar a cinyarsa har ya isa gida.

Akwai wani mai shagon sayar da wayoyi, ɗan shekara talatin da wani abu, da ke kiran kansa Kwamanda. Mutum ne mai zafin nama, ya san hanyoyin jawo jama'a da Mai Kati bai sani ba. Ya roƙa a sa shi cikin masu kula da dandali, aka sa shi. Shi ya kawo gasar gajeren labari, shi ya kawo hirar murya ta yammacin Asabar, inda mambobi ke haɗuwa ta waya su yi ta surutu. Mai Kati yakan shiga ya kashe makirfonsa, ya jingina wayar da kofin shayi, ya zauna a bakin gado yana jin muryoyin mutanen da ya sani ta rubutu. In an ce, "Mai Benci, ka ce wani abu mana," sai ya rubuta cewa inda yake akwai hayaniya. Ba ƙarya ya yi ba, masu walda ba sa tashi sai magariba.

Da dandali ya shekara, mambobi sun kai dubu uku. Kwamanda ya kawo shawarar a yi taro a ga juna ido da ido. Kafin Mai Kati ya samu abin cewa, mutum ɗari sun amince. Aka samu ɗakin taro na wata makaranta, aka sa ranar Asabar da ƙarfe biyu, aka fitar da jadawali. Abu na farko a jadawalin shi ne jawabin maraba daga bakin Mai Benci.

Ya rubuta jawabin, layi goma sha biyu, ya cire duk kalmar da ya san za ta kama shi. Mako uku yana gwadawa a can ƙarshen ɗakin kati, tsakanin kantoci, da murya ƙasa-ƙasa. In shi kaɗai ne yakan kai layi na bakwai ba tuntuɓe. Ranar Lahadi ya faɗa wa Yaya, ta ajiye ma'aunin shinkafa ta dube shi.

"Mutum dubu uku? Kai ɗin? To ni zan bi ka. Ka tsaya kusa da ni, in karanta musu, kai kuma ka riƙa gyaɗa kai."

Ya girgiza kai.

"To ka faɗa musu gaskiya tun yanzu mana. I'ina ai ba sata ba ce."

Ya ce zai yi tunani. Sau biyu ya fara rubuta sanarwar, sau biyu ya goge.

Ranar taron ya sa rigarsa mai ruwan toka da ya goge tun jiya, ya isa makarantar tun sha biyu da rabi. Ɗakin a buɗe yake, kujerun roba a tare a lungu, mai gadin makarantar shi kaɗai yana jan su, ga shi da ciwon baya. Mai Kati ya naɗe hannun riga ya kama masa. Suna cikin jerawa wata mota ta tsaya, wani mai faffaɗan ƙirji da waya biyu a hannu ya shigo yana ba da umarni. Tun kafin ya gama jimlar farko Mai Kati ya gane muryar Kwamanda.

"Sannunku da aiki, Baba. Don Allah in kun gama akwai katan-katan na ruwa a bayan mota, a shigo da su."

Mai Kati ya buɗe baki, Kwamanda ya riga ya juya yana amsa waya. Mai Kati ya je ya ɗauko ruwan.

Wajen ƙarfe biyu ɗakin ya fara cika. An sa tebur a bakin ƙofa, wata mata mai fara'a da tagwaye riƙe da gefen zanenta tana raba takardun suna da ake maƙalawa a ƙirji. Uwar Biyu ce. Kowa ya faɗi sunansa na dandali sai a yi shewa, a rungume shi, a ce ashe kai ne. Mai Kati ya hango tasa takardar a gefe, an rubuta ta da jan alƙalami, har an zana mata fure. Ya ajiye katan na ƙarshe, ya share hannunsa a wando, ya shiga layi. Da ya iso gabanta ta ɗago da murmushi.

"Sannu da zuwa. Wane suna?"

Leɓɓansa suka haɗe. "M-m-m..." Ya ji haɓarsa ta fara rawa. Ɗaya daga cikin tagwayen ya ɓoye fuska a jikin uwarsa. "M-m-mai..."

"Mai ruwa ne, shi ya shigo mana da ruwa," in ji wani daga baya, da niyyar taimako.

"Allah sarki, sannu Baba," in ji Uwar Biyu. "Shiga ka zauna, ai kai ma namu ne yau. A ba shi lemo."

Aka ba shi lemo. Ya wuce kujerar ƙarshe kusa da taga ya zauna.

An ajiye kujera ɗaya mai hannu a gaba, kusa da makirfo. Biyu da rabi ta yi, uku saura kwata ta yi. Kwamanda yana ta duba ƙofa yana ba mutane dariya, yana cewa manya ba sa zuwa da wuri. Duk wanda ya shigo da ɗan furfura da shiga mai kyau sai a miƙe ana tafi, shi kuma ya ce ba shi ba ne. Wayar Mai Kati tana ta motsi a aljihu. Takardar jawabin tana ɗaya aljihun, ta jiƙe da gumi. Tsakaninsa da makirfon bai fi taku ashirin ba, kuma shi ya jera kujerun da ke hanyar. Ya ciro wayar ƙasa-ƙasa, ya rubuta a dandali: "Ku gafarce ni, wani uzuri ya tare ni. Ku ci gaba, zuciyata tana tare da ku."

Yana zaune ya ga saƙon ya isa. Kawuna suka sunkuya ɗaya bayan ɗaya, sai gunaguni. Wata a gabansa ta ce wa ƙawarta, "Dama na sani. Irinsu ba sa son haɗa kafaɗa da talaka." Kwamanda ya karanta saƙon a makirfo, ya ɗaga kafaɗa, ya janye kujerar mai hannu gefe.

Sai wani gajere kakkaura mai jajayen idanu ya miƙe daga tsakiya, ya ce shi ne Direban Tanka. Bai karɓi makirfo ba, muryarsa ta isa.

"Ni awa tara na yi a hanya don in ga mutumin nan, kuma ban gan shi ba, raina bai so ba. Amma kada wanda ya zage shi a gabana. Lokacin da na shiga dandalin nan daga ni sai shi. In na yi rubutu ina layin lodi, kafin in gama shan shayi ya amsa. 'Ya'yana ma ba sa yi mini haka. In ya ce uzuri, to uzuri ne."

Aka tafa masa, taro ya ci gaba. An yi dariya sosai. Uwar Biyu ta karanta kashin ƙarshe na labarin tela, har wasu suka share hawaye. Mai Kati ya saurari komai, lemonsa a hannu bai buɗe ba.

Biyar da rabi aka watse, aka fita waje ɗaukar hoto. Ya tsaya taya mai gadi tara kujeru. Can sai ga Direban Tanka ya dawo neman hularsa, da ya gan su su biyu sai ya kama musu. Yana ɗagawa yana hira, yana faɗin yadda hanya ta lalace, da yadda zai juya tun asuba. Ya ɗora kujeru har sha biyar, suka fara tangaɗi.

"G-g-g..." in ji Mai Kati.

Direban ya tsaya. Bai ƙarasa masa ba, bai kau da kai ba, bai yi murmushin tausayi ba. Ya dafa kujerun yana jira kamar mai jiran a buɗe masa ƙofa.

"G-goma-goma ake tara su."

"Ka ga, ka fi ni sani," in ji direban, ya rage biyar. "Kai a nan kake aiki?"

Ga mutum a gabansa mai iya jira, ɗakin ba kowa sai mai gadi. Mai Kati ya ja numfashi. Daidai nan aka ƙwala wa direban kira daga waje, ana cewa hoto ba zai yiwu ba sai da shi. Ya miƙa wa Mai Kati hannu, ya ce Allah ya saka da alheri, ya fita da sauri yana gyara hula.

Kwanakin da suka biyo baya dandali ya cika da hotuna. A guda biyu ana ganin Mai Kati daga nesa, ya juya baya yana ɗauke da kujera. Maganar rashin zuwansa ta yi kwana uku ana yi, sannan wani sabon fim ya fito aka koma kansa. Amma abu ya canja. In ya shiga raba gardama, sai wani ya ce wanda bai iya zuwa taro ba ya bar mutane su sha iska. Bayan wata guda ya miƙa wa Kwamanda da Uwar Biyu ragamar dandalin, ya ce aiki ya yi masa yawa. Suka yi masa godiya mai tsawo, suka sa sunansa a saman shafi da ƙananan haruffa.

Direban kaɗai Mai Kati ya rubuta wa gaskiya, a saƙon da ba mai gani sai su biyu. Ya faɗa masa komai, tun daga aji uku har zuwa teburin Uwar Biyu. Kwana biyu ba amsa. A na uku ta zo, gajera: "Kai ne na kujeru? Haba malam. Awa tara fa. Ko rigata ka ja ai da na gane." Mai Kati ya ba da haƙuri. Direban bai sake cewa komai ba har mako biyar.

Ran nan da hutun rana waya ta yi ƙara, lambar da bai sani ba. Kamar ba zai ɗauka ba, ya dai ɗauka.

"Ni ne, direba. A wajen Kwamanda na samu lambarka, ban faɗa masa komai ba. Ba sai ka yi magana ba, ina layi ne, motoci goma sha ɗaya a gabana. Fushi na yi, yanzu ya wuce. Tsaya ka ji abin da wani ɗan sanda ya yi mana jiya."

Ya yi minti ashirin yana zuba. Mai Kati ya yi dariya har ya dafa kanta. Da za su rabu ya ce, "N-na gode," direban ya jira har ta fito, sannan ya kashe. Tun daga nan yakan kira sau ɗaya a wata, wani lokaci wata biyu su wuce shiru. Ya ce in hanya ta biyo da shi zai zo asibitin, amma kamfaninsu ya mai da shi wani yanki mai nisa, har yanzu bai zo ba.

Bara aka gama kwashe fayilolin asibitin zuwa kwamfuta, aka rufe ɗakin kati, aka mai da shi wurin ajiye kekunan marasa lafiya. Mai Kati yanzu yana hawa na uku, a wani ofis mai sanyin na'ura, yana shigar da lambobi tare da mutum biyu da ke toshe kunnuwansu da waya tun safe har a tashi. Kan Benci ya haura mamba dubu goma sha ɗaya, yawancinsu hirar fina-finai ta kawo su. Yakan sa labari jefi-jefi, mutum bakwai ko takwas su amsa. Kwanan baya wata sabuwar mamba ta yi masa maraba da zuwa dandali, ta ce ya saki jiki, nan kowa ɗan gida ne. Ya amsa mata da godiya.

Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya. Yaya ta ce in lokacin ya yi ya bar gidan hayar nan ya dawo wajenta, akwai ɗaki a bayan shago, ya riƙa kama mata awo. Ya ce mata zai yi tunani.